Maganin fumfuna na cikin kafso: da gaske yana aiki ko salon talla ne?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin haɗa fenti, muna zuba maganin hana fumfuna da gansakuka a fentin waje daidai yadda takardar mai sayarwa ta ce, amma bango ba ya cika shekara biyu sai ya fara baƙi da kore. Yanzu mai kawo mana kaya ya zo da wani sabo, wai an kulle maganin a cikin wasu mitsi-mitsin kafso yana fita a hankali, kuma ya fi na da tsada. Don Allah da gaske ne ko dai talla ce kawai? In na ninka na da ɗin sau biyu ba shikenan ba?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, amin, na gode. Tambayarka biyu ce ka haɗe a ɗaya. Ta farko, kulle maganin a cikin ƙananan kwanso yana sa ya daɗe da gaske? Ta biyu, in matsalar ita ce yana ƙarewa da wuri, me zai hana a ƙara yawansa kawai a huta? Toh a gajarce, eh abin yana aiki, ba tatsuniya ba ce, na yi shekaru ina haɗa fenti da shafen bango a ɗakin gwaji kuma na gani da idona. Amma ka riƙe wannan tun daga farko: kwanson nan ko ƙwayar fumfuna ɗaya ba ya kashewa. Maganin da ke ciki shi ne dai wanda ka sani, OIT ne ko IPBC ko tabutirin ko dayuron, babu wanda ya ƙara masa ƙarfi. Lokaci kake saya da kuɗinka, wato a riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan maimakon ya zube gaba ɗaya a ruwan sama biyar na farko. Kuma lokacin nan ana iya lissafa shi daidai, ana iya kuskure shi, shi ya sa wani kafson alheri ne wani kuma asarar kuɗi.

Kafin mu yi nisa bari in raba maka abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai maganin da ke tsare fentin yana cikin bokiti don kada bakteriya su ruɓar da shi ya yi wari ya tsinke, irin su BIT da MIT da CMIT, waɗannan ana son su narke a ruwa sosai su yi aiki nan take, kulle su a kafso kusan ɓata aikinsu ne. Akwai kuma wanda ke tsare fentin bayan ya bushe a bango, shi ne naka. Ko a dokar Tarayyar Turai mai lamba 528 ta 2012 da ta kasa irin waɗannan magunguna gida 22, na bokiti rukuni na 6 ne, na busasshen fenti rukuni na 7, ba a haɗa su ba. Duk maganar da zan yi a kan na biyun ce.

Me ya sa na da ɗin yake gudu

Abin haushin maganin bango shi ne dole sai ya ɗan narke a ruwa sannan ya yi aiki, domin fumfuna da gansakuka a cikin ƴar laimar da ke saman fenti suke rayuwa, in maganin bai shiga laimar ba ba zai taɓa su ba. To kuma wannan narkewar ce dai take ba ruwan sama damar wanke shi. Abin da ke sa shi amfani shi ne ke sa shi ɓacewa, kaga an shiga tsaka mai wuya.

Mu yi ɗan lissafi na misali don ka ga girman abin. Ka ce lita ɗaya ta fenti nauyinta kilo 1.4, ta shafe murabba'in mita 10, kuma ka zuba zallar magani kashi 0.1 cikin ɗari. Giram 1.4 ke nan a litar, wato miligiram 140 kacal a kowane murabba'in mita. OIT kuwa yana narkewa kusan rabin giram a litar ruwa, ma'ana ruwan da bai kai sulusin lita ba ya isa ya ɗauke na murabba'in mita guda kaf in da zai same shi a fili. Ruwan sama milimita ɗaya kuma lita ɗaya ce a murabba'in mita. Tabbas ba duk ruwan ne ke dukan bango ba, kuma gam ɗin fentin yana riƙe wani abu, amma ka ga dai dukiyar ba ta da yawa kuma ɓarawon ba ya gajiya. Tabutirin ya fi shi taurin kai, wajen miligiram 25 a lita yake narkewa, DCOIT, wani ɗan'uwan OIT, ya ma fi haka wuyar narkewa, shi ya sa suka fi daɗewa ko ba kafso.

Kuma ba ruwa kaɗai ba ne. Rana tana farfasa wasunsu, IPBC in hasken rana ya dake shi yana sakin aidin har ya sa farin fenti ya yi rawaya-rawaya. Sabon shafen siminti yana da kaifin alkali mai tsanani, ma'auninsa na pH yana kai 12 zuwa 13, kuma dangin OIT ba sa jure wannan, in an yi gaggawar shafa fenti kan siminti ɗanye wani kason maganin ya mutu tun kafin a ga ɗigon ruwa. Zafi kuma yana sa ya yi ta ƙaura zuwa saman fenti da sauri ya jira ruwa ya zo ya tafi da shi.

Yanzu ga amsar ninkawar da ka tambaya. Gudun fitar magani ya danganta ne da yawan wanda ke ciki, wannan tsohuwar ƙa'ida ce da wani masani mai suna Adolf Fick ya rubuta tun 1855. In ka ninka sau biyu, abin da zai zube a farkon ma ninki biyu ne. A mafi sauƙin lissafi, in rabin maganin yana tafiya duk wata shida, ninkawa wata shida kawai ta ƙara maka, ba ninkin shekarun ba. Ka biya kuɗin magani biyu, ka samu ɗan ƙari, sauran ya gangara kwata ya shiga rafi, kuma tabutirin da dayuron asalinsu maganin ciyawa ne, ba su san bambancin gansakukar bangonka da tsirran ruwa ba. Masu bincike a Suwizalan da Jamus sun daɗe suna samunsu a ruwan da ke gangarowa daga sababbin gine-gine, har wannan ya zama babban dalilin da ya tura kamfanonin can wajen kafso. Ga kuma ƙaiƙayin fata, dangin nan na MIT da OIT sun yi ƙaurin suna wajen sa wa mutane borin jini a fata, har likitocin fata na Amurka suka ba MIT lambar sinadarin da ya fi damun mutane a 2013. Ninkawa na iya tsallakar da kai iyakar da doka ta sa a rubuta gargaɗi a jikin bokiti.

Yadda ake kulle shi

Dabarar ba sabuwa ba ce kuma ba daga fenti ta faro ba. A shekarun 1950 wani masani mai suna Barrett Green a kamfanin NCR na Amurka ya kulle ɗigon tawada marar launi a cikin kwanson jelatin da ƙaro, aka shafa a bayan takarda, in ka danna biro kwanson ya fashe rubutu ya fito a takardar ƙasa. Takardar rasit mai kwafi ba tare da kabon ba ke nan. Daga nan masu turare da masu maganin gona da masu maganin asibiti kowa ya ɗauka ya juya ta yadda yake so. Bambancin kawai, shi Green so yake kwanson ya fashe lokaci guda, mu kuma addu'a muke kada ya fashe, ya riƙa tsatsafowa dai.

Girmansu a fenti yawanci daga maikron ɗaya ne zuwa ƴan gomomi. Maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kai guda yana kai wajen maikron 70, to ka ƙiyasta.

Iri biyu ne manya. Akwai mai kama da ƙwai, magani a tsakiya ɓawo a waje. Ana narka maganin a mai, a kaɗa man a ruwa har ya zama ƴan ɗigo, sannan a gina ɓawon a kan kowane ɗigo. Wanda aka fi gani a fenti ɓawon melamin da fomaldihaid ne, mai tauri ne yana jure wahala, aibinsa ragowar fomaldihaid. Sai na foliyuriya, shi ana zuba sinadari ɗaya a cikin man, ɗayan a cikin ruwan, inda suka haɗu a bakin ɗigon nan ɓawo ke tashi da kansa, kuma mai haɗawa yana iya sarrafa kaurinsa da yawan ƙofofinsa. Iri na biyu kamar soso ne, babu ɓawo daban, maganin ya ratsa jikin ƙwayar gaba ɗaya, ko ƙwayar roba ce ko ta silika mai ramuka. Silikar nan mai ramuka jere kamar saƙar zuma masanan kamfanin Mobil ne suka fito da ita a 1992, ramin ƴan nanomita ne kawai, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na maikron. Akwai kuma wani yumɓu da Allah ya halitta a nannaɗe kamar tabarma, haloisait, bututu ne da tsawonsa bai cika wuce maikron ɗaya ba, ana ɗura magani a raminsa a toshe bakin. A takardun bincike yana da farin jini sosai, amma ramin ƙarami ne, ba ya ɗaukar magani da yawa, ni dai a aikin fenti na kasuwa ban cika haɗuwa da shi ba. Azurfa kuma, wadda ita ma tana kashe ƙwayoyin cuta, ana maƙala ta a cikin wani ma'adini mai ramuka da ake kira ziyolait, tana fita ne in wani gishiri a cikin laima ya zo ya karɓi gurbinta, wannan ya fi yawa a robobi da kayan asibiti.

Wani abu da nake so ka lura da shi, domin masu talla suna son kalmar nano kamar tana ƙara albarka. Lokacin da magani ke ɗauka ya fito daga ƙwaya yana tafiya ne da girman ƙwayar a ninke da kansa. Ka rage girman sau 10, fitar ta yi sauri kusan sau 100. Don haka ga wanda ke neman shekara biyar a bango, ƙanƙanta ba ita ce nasara ba, sau da yawa ma ita ce matsala. Nano na da wurinsa, a fenti mai sheƙi ko mai garai-garai da ba a son a ga gurza-gurza, ko a magani da ake son ya ratsa cikin katako, amma ba don daɗewa ba.

Ba gudu ba, ba rarrafe ba

Nan ne zuciyar maganar. Kowace ƙwayar halitta tana da wani ɗan ma'auni na magani wanda in bai kai shi ba ba ta ma san ana yi ba, a lab muna ce masa MIC. Duk aikin kafso shi ne ya riƙe abin da ke saman fenti sama da wannan layin na tsawon lokaci ba tare da ya yi almubazzaranci ba. In ya saki da yawa ka koma gidan jiya. In ya matse da yawa kuma sai ka ga bango ya yi baƙi ƙirin alhali in ka kankare fentin ka auna maganin yana nan ciki cif, yana zaune a kurkuku fumfuna na kiwo a kan rufin. Wannan na biyun ya fi ciwo wallahi, domin ka biya kuɗin kuma kayan na nan.

Kuma kafso ba ya saki daidai wa daida kamar famfo, duk wanda ya ce maka haka ka tambaye shi takardar gwaji. Masu kama da soso suna bin tsarin da wani masani mai suna Takeru Higuchi ya bayyana a 1961, in a wata ɗaya mudu ɗaya ya fita, mudu na biyu sai wata 4, na uku sai wata 9, na goma sai wata 100. Saboda na bakin ƙwayar ne ke fara fita, na ciki kuma tafiyarsa na ƙara nisa kullum. Ma'ana saurin yana raguwa, kuma wata rana zai faɗo ƙasa da layin ko da saura a ciki. Masu ɓawo sun fi kusa da saki daidai, muddin akwai ɗanyen magani da bai narke ba a tsakiya, da zarar wannan ya ƙare su ma sai su fara ja da baya. Sannan kusan kowane kafso yana da zubar farko, domin wani kason maganin bai shiga ciki ba tun a masana'anta, yana manne a waje. Da ina ganin wannan aibi ne tsantsa, yanzu na sassauta, ɗan wanda ke waje shi ne ke gadin bango a makonnin farko kafin na ciki ya iso sama. Kamfanoni da yawa da gangan suke haɗa kullalle da sakakke a durom ɗaya. Abin tambaya shi ne nawa ne a waje, kuma mai sayarwa na ƙwarai ya san amsar.

Inda na sha ƙasa

Karo na farko da na gwada irin wannan kaya sakamakon wanki bai bambanta da na da ba ko kaɗan, har na rubuta a littafina cewa yaudara ce. Ashe ni ne. Na zuba shi tun farko tare da farin hoda da sauran gari a lokacin niƙa, injin kaɗi yana gudu iya ƙarfinsa na kusan rabin awa kuma haɗin ya yi zafi. Da na ɗiga a gilashi na duba a madubin ƙara girma, sai ɓawo a farfashe kamar an taka ƙwai. Na sayi kafso da tsada na mayar da shi na da da hannuna. Tun daga ranar a ƙarshe nake zuba shi, bayan gam ya shiga, injin yana juyawa a hankali, kuma ba na barinsa ya bi ta injin niƙa mai duwatsu ko kusa.

Na biyun ya fi wayo. Fenti sabon haɗi ya ci gwaji lafiya lau, amma wanda ya yi wata uku a sito mai zafi ya faɗi. Dalili, sinadarin da muke sa wa don ƙwayoyin gam su manne da juna in fenti na bushewa, da su gilaikol, da sabulun da ke riƙe launi, duk suna son maganin fiye da yadda ruwa ke sonsa, sai suka riƙa zuƙo shi ta cikin ɓawon a hankali tun yana bokiti. Kwanson lafiyarsa ƙalau a madubi, amma fanko ne. Mai kawo kayan bai yi ƙarya ba, a nasa fentin gwajin abin ya zauna, a nawa ne bai zauna ba. Wannan ya koya min cewa ba a cewa kafso kaza yana da kyau, sai dai a ce yana da kyau a haɗi kaza. Ga kuma ƙananan fitintinu, manyan ƙwayoyi suna kwantawa ƙasan durom in ba a motsa ba sai bokitin farko ya samu kaɗan na ƙarshe ya samu da yawa, suna rage sheƙi, kuma matatar feshi mai ƙananan ido tana iya tare su.

Abin da wasu fannoni suka koya da tsada

Masu fentin jiragen ruwa sun riga mu shiga wannan rigimar. Sun yi wani fenti mai ɗauke da wata guba da ake kira TBT, wanda aka ɗaure gubar a jikin gam ɗin kansa, ruwan teku na cin saman a hankali sabuwar fuska na fitowa, jirgi ya yi shekara biyar ba abin da ya manne masa. Ta fuskar saki a hankali babu kamarsa. Amma a gaɓar Arkashon ta Faransa halittun ruwa masu kwanso da ake kiwo suka lalace a ƙarshen shekarun 1970, matan dodon koɗin teku suka fara fitar da gaɓar maza, Faransa ta hana shi a ƙananan jirage a 1982, daga baya yarjejeniyar hukumar sufurin ruwa ta duniya ta 2001 ta hana shi baki ɗaya, ta fara aiki a 2008. Saki a hankali bai mayar da mugun sinadari nagari ba, dole abin da ke ciki ya zama mai ruɓewa in ya fita. Shi ya sa DCOIT ya samu karɓuwa a madadinsa, yana saurin lalacewa a ruwan teku, har kamfanin Rohm and Haas da ya haɗa shi ya ci lambar yabo ta gwamnatin Amurka a kansa a 1996.

A gona kuma an kulle wani maganin ƙwari a kafso a shekarun 1970 mai suna Penncap-M don ya rage haɗari ga mai feshi, kuma ya rage ɗin. Sai dai girman kafson ya zo daidai da garin fure, ƙudan zuma suka riƙa kwasa suna kai wa amya suna ajiyewa, kwanson da ke kare gubar daga rana ya ci gaba da kare ta a cikin amyar tana kashe ƴaƴa. Babu wanda ya yi tunanin girman ƙwaya zai jawo haka.

Sai maganar da ta fi damuna ni kaina, wato wutsiyar sakin. Bayan maganin ya faɗo ƙasa da layin kisa, kafso yana ci gaba da tsatsafo ɗan kaɗan na dogon lokaci, wanda ba ya kisa amma yana tace masu juriya su yi yawa. A bakteriya an san wannan sarai, akwai masu famfon da ke tofar da maganin waje, akwai masu jure azurfa da aka gano tun shekarun 1970 a ɗakin masu ƙuna. A bangon waje haɗarin bai kai na asibiti ba, amma shi ya sa ba na goyon bayan a riƙa barbaɗa irin wannan a kowane abu, safa da katakon yanka da maɓallin ƙofa, don kawai a rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma a 2016 ta cire wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai suna tiraikulosan da wasu 18 irinsa daga sabulun wanka na gida saboda masu yin su sun kasa nuna sun fi sabulu da ruwa. Kuma shi kansa ɓawon roba ne, ƙananan ɓarɓashin roba da ba sa ruɓewa. Turai ta kafa doka a kansu a 2023, ta ba masu maganin gona da irin namu wa'adi zuwa 2031, da sassauci ga wanda ya daskare a cikin abu mai tauri kamar busasshen fenti. Shi ya sa yanzu bincike ya karkata ga silika da kitosan da sauran masu ruɓewa, duk da har yau ba su kamo melamin wajen riƙo ba a abin da na gwada.

In ni ne kai

Ba zan iya yanke maka hukunci kan durom ɗin da ban buɗe ba da haɗin da ban gani ba, gwaji ne kawai zai raba gardama, kuma ba gwaji ne mai wuya ba. Amma kafin ka kashe ko sisi, fara tabbatar da abin da ke cin bangon. Kore yawanci gansakuka ce, baƙi yawanci fumfuna ce ko ma ƙura da hayaƙi kawai, ɗiga ruwan bilic a wurin, in ya washe cikin ƴan mintuna mai rai ne, in bai washe ba datti ne kuma babu kafson da zai yi maganinsa. Wannan na da muhimmanci domin tabutirin da dayuron gansakuka suke kashewa ba fumfuna ba, IPBC da kabendazim fumfuna, kuma kabendazim ɗin ma akwai baƙar fumfunar da ba ya iya wa, shi ya sa ake haɗa biyu ko uku. In abin da kuke zubawa ɓangare ɗaya ya rufe, matsalarku ba ta saurin fita ba ce tun asali. Duba kuma ko fentin naku gari ya yi masa yawa gam ya yi kaɗan, irin wannan yana shan ruwa kamar biredi, ya daɗe bai bushe ba, kuma ruwan na ratsawa ya wanko magani daga can ciki. Bangon da indararo ke zubar masa ko laima ke hawowa daga tushe kuwa, ko me ka zuba sai ya yi kore.

In duk wannan lafiya, to ka nemi mai kawo kayan ya faɗa maka abu huɗu a rubuce: wane magani ne a ciki da yawan zallarsa, kashi nawa ne a waje, girman ƙwayoyin, da irin ɓawon. Ka kwatanta farashi a kan zallar magani ba a kan kilon ruwan durom ba, nan ake yawan yi wa mutane rufa-ido. In ya kawo maka sakamakon gwajin ISO 22196 ka ajiye shi gefe, wannan gwajin bakteriya ne na awa 24 a kan sabon abu mai jiƙe a ɗumin digiri 35, bai ce komai ba game da bango bayan shekara. Wanda ya shafe ka shi ne EN 15457 na fumfuna da EN 15458 na gansakuka, kuma a kan fentin da aka riga aka wanke, sai EN 16105 da ke auna abin da ruwa ke ɗauka in ana jiƙawa ana busarwa. Fenti sabo fil kowa jarumi ne, har na da ɗin ma yakan fi kafso kyau a ranar farko tunda duk maganinsa a fili yake.

Sannan ka yi naka. Haɗa bokiti huɗu daga tukunya ɗaya: marar magani sam, na da a ma'aunin da kuka saba, na da ninki biyu tunda shi ne shawararka, sai na kafso a zallar magani daidai da na ma'aunin da kuka saba. Raba kowanne biyu, rabi ka shafa yau, rabi ka rufe ka ajiye a wuri mai ɗumi kamar digiri 50 na mako biyu zuwa huɗu sannan ka shafa, wannan ne zai tona maka ko haɗinku yana zuƙe kwanson a bokiti. Shafa a kan allunan siminti da suka bushe sosai, kauri ɗaya, bar su mako guda, sai ka tsoma wasu a ruwa kana canza ruwan kullum kana barinsu su bushe tsakani na ƴan kwanaki. In da lab kusa da ke da injin HPLC mai auna yawan sinadari, kai musu kankararren fentin kafin wanki da bayansa su faɗa maka nawa ya rage, wannan lambar ta fi duk wata ƙasidar talla. Sauran allunan ka jingina su a waje ta ɓangaren da rana ba ta cika bugawa, kusa da bishiya ko inda laima ke daɗewa, a ɗan kishingiɗe don ruwa ya riƙa kwanciya, ka rubuta lamba a bayansu ba a gaba ba don kada son zuciya ya shiga wajen dubawa, ka riƙa ɗaukar hoto duk wata a wuri ɗaya da haske ɗaya. Allon marar magani shi ne agogonka, in shi bai yi baƙi ba tukuna kada ka yanke hukunci a kan sauran, ka ƙara musu lokaci ko ka mayar da su wurin da ya fi laima.